Daga Doguwa zuwa gasar Firimiya: Yadda ɗan ƙwallo ke hawa a Najeriya

Hanyar motar da ta haɗa Kano da Jos tana rabuwa da titin Zariya ne a Kwanar Dangora da ke ƙaramar hukumar Kiru. Daga nan sai ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta ratsa ƙasar Doguwa, kafin ta faɗa Saminaka a jihar Kaduna.

Da wuya matafiyi ya wuce wani gari a bakin wannan hanya bai ga filin ƙwallo ba, ko da kuwa na makarantar firamare ne mai turakun itace, wanda samari ke cikawa da zarar an idar da sallar La'asar.

Biranen biyu da hanyar ta haɗa suna cikin manyan cibiyoyin ƙwallon ƙafa a arewacin Najeriya. Ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar ƙasa ta farko a shekarar 1972, Raccah Rovers ta Kano kuma ta lashe a 1978, yayin da Kano Pillars ta ɗauki kofin har sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da kuma 2014.

Sai dai a tsakanin biranen biyu lamarin ya sha bamban. Babu ko ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ke da ƙungiya a babbar gasar ƙasar, duk da cewa Doguwa kaɗai tana da mutane fiye da dubu 150 a ƙidayar shekarar 2006.

To ta wace hanya ce yaron da ya yi fice a filin Riruwai ko Dadin Kowa ko Burji zai bi, har wata rana a ji sunansa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata? Kuma idan ya kai, me waɗanda suka rene shi za su samu?

Hawa huɗu da gindi

A rubuce dai tsarin ba shi da wata sarƙaƙiya.

A can sama akwai gasar Firimiya ta Najeriya, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20, inda huɗun da suka zo ƙarshe ke faɗawa ƙasa a ƙarshen kowace kakar wasa. Daga ita sai rukuni na biyu da ake kira NNL, wanda aka rarraba tsakanin arewa da kudu saboda rage wahalar tafiya. Sai rukuni na uku, NLO, wanda a da aka fi sani da gasar 'yan sha'awa. A ƙarƙashinsu kuma akwai gasannin da hukumar ƙwallon ƙafa ta kowace jiha ke shiryawa ƙungiyoyin da suka yi rajista da ita.

Amma mafi yawan ƙwallon da ake bugawa a karkara ba ta cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan hawa huɗu. Gasanni ne na unguwa da unguwa, ko gari da gari, waɗanda akan shirya bayan an kawar da amfanin gona, ko lokacin bukukuwan Sallah, ko kuma idan zaɓe ya ƙarato wani ɗan takara ya sa kofi da sunansa. A yanki irin Doguwa, inda noman masara ke cinye damina baki ɗaya, aikin gona ne ke tsara lokacin ƙwallo.

Irin waɗannan gasanni suna tara jama'a, wani zubin ma fiye da wasu wasannin rukuni na biyu. Abin da ba sa bari a baya shi ne takarda: babu jerin sunayen 'yan wasa da aka miƙa wa wata hukuma, babu lasin, babu ranar haihuwa. Wannan giɓi kuwa yana da tsada, kamar yadda za a gani a gaba.

Ana hawa wannan tsani ne ta hanya biyu: ko dai ƙungiya ta hau da 'yan wasanta, ko kuma ɗan wasa ya bar ƙungiyarsa ya hau shi kaɗai.

Hanya ta farko ta masu hali ce. Kuɗin rajista da na mota da masauki da alawus ɗin 'yan wasa sun fi ƙarfin ƙungiyar da ke dogaro da karo-karon matasa. Shi ya sa akasarin manyan ƙungiyoyin arewa, kamar Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors, mallakar gwamnatocin jihohi ne. Ita kanta Pillars an kafa ta ne a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA ta hukumar ayyukan ruwa ta jihar, da Golden Stars, da kuma Bank of the North. Ƙungiyar Barau, wadda mataimakin shugaban majalisar dattawa Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024, ta kai ga gasar Firimiya a 2025, abin da ya ba jihar Kano wakilci na biyu, kuma ya nuna irin saurin da ake yi idan akwai mai ɗaukar nauyi.

Gindin tsanin kuma wuri ne da idon hukuma bai cika kaiwa ba. A watan Yulin 2013, a wasannin neman gurbin shiga gasar Nationwide da aka yi a Bauchi, ƙaramar ƙungiyar Plateau United ta ci Akurba 79 da nema, yayin da Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, duk a rana guda, saboda kowacce na neman ta fi 'yar uwarta yawan ƙwallaye. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na tsawon shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasan da jami'an da ke da hannu shiga harkar ƙwallo har abada. Labarin ya zagaya duniya a matsayin abin dariya, amma ga matasan da suka buga waɗannan wasanni, nan hanyarsu ta ƙare.

Ƙofofin duk suna birni

Ga ɗan wasan da zai hau shi kaɗai, abu na farko shi ne a gan shi.

Tsohuwar ƙofa ita ce gasar Kofin Ƙalubale, wadda aka soma a 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma Kano ta lashe a 1953. Ana fara ta ne daga matakin jiha, inda ƙaramar ƙungiya kan iya haɗuwa da Pillars, sannan waɗanda suka kai wasan ƙarshe su wakilci jihar a matakin ƙasa. Minti 90 a gaban kocin babbar ƙungiya kan iya sauya rayuwar yaro. Amma sharaɗin shiga shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista.

Akwai kuma Kofin Ramat na matasa, wanda ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, da wasannin share fage da ake yi kafin soma kakar wasa, da ƙaramar ƙungiyar Pillars, da kuma tantancewar da ƙungiyoyi kan kira, inda samari da yawa ke taruwa a zaɓi 'yan ƙalilan.

Duk waɗannan a cikin birnin Kano ake yinsu. Yaron Fagge ko Kurna ko Gwammaja zai iya zuwa atisaye a ƙafa ko a Adaidaita Sahu, ya koma gida ya ci tuwo. Na Doguwa kuwa tafiyar sa'o'i ce a gabansa, kuma idan tantancewar ta ɗauki mako biyu, sai ya nemi wurin kwana da abin da zai ci, ba tare da tabbacin za a ko dube shi ba. Wanda ke da ɗan uwa a birni ya fi wanda ba shi da shi sa'a, ko da kuwa na biyun ya fi iya taka leda.

Iyaye ma suna da nasu lissafin, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Barin yaro ya tafi birni neman ƙwallo na nufin rasa hannu guda a gona, kuma sau da yawa yana nufin katsewar karatun boko da na Islamiyya, a kan sana'ar da ɗaya cikin masu yawa ne ke cin abinci da ita.

Misalin Ahmed Musa

Babu labarin da ya fi bayyana yadda tsarin ke aiki idan komai ya tafi daidai kamar na Ahmed Musa, wanda ya taso a wancan ƙarshen hanyar.

An haife shi a Jos a watan Oktoban 1992, ya kuma samu horo a makarantar ƙwallo ta GBS. A 2008 makarantar ta ba da aronsa ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, daga nan kuma ta sake ba da aronsa ga Kano Pillars.

A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya ci wa Pillars ƙwallaye 18, ya karya tarihin ƙwallaye 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, ƙungiyar kuma ta zo ta biyu a bayan Enyimba. Duk wannan kafin ya cika shekara 18.

Kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holland ya saye shi a 2010, amma sai da ya jira ranar da ya cika shekara 18 kafin ya soma buga masa wasa, saboda dokar hukumar FIFA ta hana cinikin ƙananan yara daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da wasu 'yan togaciya. Daga can ya koma CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City ta Ingila a 2016 a kan kuɗi kimanin fam miliyan 16, sannan Al Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma ci Iceland biyu a ta 2018.

Abin lura a nan ba yawan ƙwallayen ba ne. Tun daga ranar farko akwai wata ƙungiya mai rajista da ke riƙe da takardunsa, kuma duk inda ya taka an rubuta. Kalmar "aro" kanta shaida ce cewa an san mai shi.

Haka nan Shehu Abdullahi ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya: daga Sokoto United zuwa Plateau United, zuwa Kano Pillars inda aka ci kofuna da shi, sannan Kuwait da Portugal da Cyprus da Turkiyya, har ya samu lambar tagulla a gasar Olympics ta 2016. Junior Lokosa kuwa daga First Bank ta Legas, wadda ba ta cikin gasar Firimiya, Pillars ta ɗauko shi. Ya ci ƙwallaye 19 a 2018, ya wuce Esperance ta Tunisiya. Kafin su duka akwai Sani Kaita, wanda daga Pillars ya shiga tawagar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 da ta zo ta biyu a duniya a 2005, daga nan ya zarce Sparta Rotterdam.

Dukkansu a manyan garuruwa aka fara ganinsu.

Kuɗin da ke bin takarda

Mutane da dama, har da masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi, ba su san cewa dokokin FIFA sun tanadar wa wanda ya reni ɗan wasa haƙƙi ba. Tun shekarar 2001 ake da tanadi iri biyu.

Na farko shi ne diyyar horarwa. Idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a wata ƙasa, sabon kulob ɗin zai biya ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekara 12 zuwa 21. Ana lissafa kuɗin ne bisa matsayin kulob ɗin da ya ɗauke shi, ba bisa abin da ƙungiyar ƙauye ta kashe ba. A nahiyar Turai adadin ya kama daga yuro dubu 10 a kowace shekarar horo ga ƙananan kulob-kulob, zuwa yuro dubu 90 ga manya, ko da yake shekarun 12 zuwa 15 akan lissafa su ne a kan mafi ƙanƙantar farashi.

Na biyu shi ne kason masu reno. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yana da sauran kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu tsakanin shekara 12 da 23. Wannan ba sau ɗaya ake biya ba; yana bin ɗan wasan ne a duk cinikin da aka yi da shi har ya yi ritaya.

A ɗauki ciniki na fam miliyan 16 a matsayin misali. Kashi 5 cikin ɗari ya kama fam dubu 800. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da fam dubu 40, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da fam dubu 80. Ke nan ƙungiyar da yaro ya yi shekara uku a cikinta, daga 13 zuwa 15, tana da fam dubu 120 a wannan ciniki guda, kuɗin da zai iya gyara fili, ya sayi mota, ya riƙe ƙungiyar ƙauye shekaru masu yawa.

To amma ana biyan wannan kuɗi ne bisa abin da ke rubuce a cikin takardar da ake kira fasfon ɗan wasa, wadda ke nuna ƙungiyoyin da aka yi masa rajista da su, shekara bayan shekara. Daga watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi na musamman a birnin Paris, FIFA Clearing House, wanda ke karɓar kuɗin daga kulob ɗin da ya saya, ya tura kai tsaye ga waɗanda sunansu ya fito a fasfon, wanda yanzu ake haɗawa ta kwamfuta. Kafin a biya ƙungiya sai ta nuna takardun kafuwarta da asusun banki mai ɗauke da sunanta.

A nan ne ƙungiyar karkara ke faɗuwa. Kocin da ya tara yara a bayan makaranta, ya saya musu ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya ɗauke su a bayan a-kori-kura zuwa wasa a garin da ke maƙwabtaka, a idon doka bai taɓa horar da kowa ba, matuƙar bai yi rajista da hukumar ƙwallon jiha ba. Ranar da yaron ya shigo birni wata makarantar ƙwallo ta yanka masa lasin, daga ranar tarihinsa ya fara. Idan ma dillali mai wayo ne ya ɗauko shi, yana iya rubuta shekarun baya duka da sunan tasa makarantar, tunda babu wata takardar da za ta ƙaryata shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da kocin kan samu, in an yi masa kara, shi ne saitin riguna da 'yan ƙwallaye, da alkawarin cewa ba za a manta da shi ba.

Ba wai dillalan ne kaɗai ke da laifi ba. Rajista tana cin kuɗi, ofishin hukumar yana birni, kuma ƙungiyar da babu wata gasar hukuma kusa da ita ba ta ga dalilin yanka lasin ba. Ga kuma son rai na su kansu 'yan wasan, waɗanda da yawansu sun fi son kada a san inda suka fito, saboda wani dalili na daban.

Batun shekaru

Dalilin kuwa shi ne shekarun haihuwa. Kasuwar ƙwallo ta duniya matasa take nema, kuma ɗan shekara 18 ya fi ɗan shekara 23 daraja nesa ba kusa ba, ko da iyawarsu ɗaya. Yaron karkara kuwa, saboda nisa da rashin hanya, yakan makara kafin a gan shi. Idan ya isa birni yana da shekara 22, abu na farko da wasu za su ba shi shawara a kai shi ne ya rage.

Rashin rajistar haihuwa a yankunan karkara ya sauƙaƙa wannan, amma ya kuma sa ana zargin har mai gaskiya. Tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci kuma aka buga wasu wasanninta a Kano, FIFA ke amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. A 2016, 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets sun faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da Najeriya, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin duniya.

Sabon suna da sabuwar ranar haihuwa suna shafe tsohuwar ƙungiya daga tarihin ɗan wasa baki ɗaya.

Yadda ake yi a Ostireliya

Akwai ƙasashen da suka ɗauki wata hanya daban wajen haɗa gasar jiha da ta ƙasa. A Ostireliya, wasan da ya fi farin jini a kudanci da yammacin ƙasar wata irin ƙwallo ce tasu ta gida, mai siffar ƙwai, wadda mutum 18 ke bugawa a kowane ɓangare da hannu da ƙafa. Babbar gasarsu, AFL, ta samo asali ne daga gasar jihar Victoria, wadda aka sauya wa suna a 1990, kuma har yanzu jihohi irin su Ostireliya ta Kudu da Ostireliya ta Yamma suna da nasu gasannin masu daɗaɗɗen tarihi.

A can ba a hawa ko faɗuwa daga rukuni, kuma ba a cinikin matashi a ɓoye. Tun 1986 ake da tsarin zaɓe na shekara-shekara: duk ɗan wasan da ya kai shekara 18 yana iya miƙa sunansa, a jera su a bainar jama'a, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar bara ita ke fara zaɓa. Wanda ba a ɗauka ba yakan koma ƙungiyar jiharsa ya ci gaba da wasa, kuma ana ci gaba da bibiyar alƙalumansa.

Don haka makara ba ta rufe ƙofa. Marlion Pickett yana da shekara 27 yana buga wa South Fremantle a gasar jihar Ostireliya ta Yamma lokacin da Richmond ta zaɓe shi a tsakiyar kakar 2019. Wasansa na farko a babbar gasar shi ne wasan ƙarshe na cin kofi, a gaban 'yan kallo sama da dubu 100 a birnin Melbourne, kuma ƙungiyarsa ce ta yi nasara.

Ba za a iya kwafo wannan tsari a ɗora wa ƙwallon ƙafa ba, domin wasan nasu ba shi da kasuwa a ƙasashen waje, kuma hukuma ɗaya ce ke riƙe da komai. Amma ginshiƙinsa abu ne mai sauƙi: an san kowane ɗan wasa, da shekarunsa, da ƙungiyar da ya fito, tun yana yaro.

Bayan an isa

Shi ma wanda ya samu shiga gasar Firimiya bai huta ba.

Kamfanin LMC, wanda ya gudanar da gasar daga 2013 zuwa 2022, ya soke tsohon tsarin biyan kuɗin sa hannu, ya kuma ƙayyade mafi ƙarancin albashi na naira dubu 150 a wata, adadin da faɗuwar darajar naira ta cinye tun tuni. Ƙorafin rashin biyan albashi a kan kari ya daɗe yana bin ƙungiyoyi da dama, musamman idan aka samu sauyin gwamnati a jiha. Kwantiragi kuma gajere ne, ta yadda rauni guda a gwiwa zai iya mayar da mutum inda ya fito.

Ga kuma hatsarin hanya. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, lokacin da take kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, cikinsu har da ɗan wasan gaba Gambo Muhammad. A shekarar ce kuma Nasarawa United ta kawo ƙarshen tarihin da ƙungiyar ta kafa na shekara 12 ba a doke ta a gida ba. A 2022 Pillars ɗin ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023.

Duk da haka akwai waɗanda suka yi rayuwarsu a gasar cikin gida suka kuma yi suna. Rabi'u Ali, wanda magoya bayan Sai Masu Gida ke kira Pele, ya ci kofunan Firimiya da ƙungiyar, ya ɗaga Kofin Ƙalubale a 2019, ya wakilci Najeriya a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014 da 2018, ya kuma ci gaba da zura ƙwallo a raga har bayan ya haura shekara 40.

Sai dai matasan yanzu da yawa ba su ma son bi ta gasar ƙasar. Zaidu Sanusi daga Jega a jihar Kebbi ya tafi Portugal, ya faro daga ƙananan rukunai har ya kai FC Porto a 2020. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, daga makarantar ƙwallo ya wuce IFK Goteborg ta Sweden a 2018, sannan Royal Antwerp ta Beljiyam. Umar Sadiq na Kaduna ma tun yana matashi ya tafi Italiya. Ga masu makarantun ƙwallo wannan ya fi riba, domin babu wata babbar ƙungiyar gida da za ta shiga tsakani ta raba kuɗin da su. Ga gasar Firimiya kuwa asara ce, tunda ana kwashe mafi kyawun 'yan wasa kafin 'yan kallo su taɓa ganinsu.

Wasu ƙungiyoyin sun fahimci inda kasuwar ta dosa. Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda ta lashe gasar a 2025, mallakar ɗan kasuwa ce, kuma an gina ta ne tare da makarantar renon matasa mai masauki da filayenta. Ikenne ba babban birni ba ne.

A Kano kuwa, Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, kuma a watan Yulin 2025 gwamnatin jihar ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai daga cikinsu ake lissafawa a cikin ƙwaryar birni da kewayenta.

Dokar FIFA ta yi tanadi har ga ƙungiyar da ta reni ɗan wasa sannan ta rushe kafin a sayar da shi: kasonta yakan tafi ga hukumar ƙwallon ƙasar, bisa sharaɗin a kashe shi wajen renon matasa. Wannan ma sai idan sunan ƙungiyar ya taɓa shiga rajista.